Fuskar Wa Aka Liƙa wa Dodon?

Ranar wata Asabar da sassafe sai ga Yaya a gidana da ke Gwammaja, waya a aljihu, ƴarsa a bayansa idanu sun yi luhu-luhu. Ko zama bai yi ba ya miƙo min wayar. "Ke da kike malamar makaranta, duba min abin da ƴarki take karantawa cikin bargo har ƙarfe biyun dare. Wasu masu fiƙa suna bin mutane suna shan jininsu. Wannan in ba koyon maita ba, mene ne?" Na ce, "Yaya, zauna tukuna a kawo koko." Yarinyar ta rakuɓe gefe, abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Wallahi Gwaggo labari ne kawai."

Na roƙi a bar min wayar kwana uku. Na karanta labarin da aka kama ta da shi, na Turanci ne a Wattpad, wata manhajar karanta labarai a intanet, a kan wata yarinya ƴar shekara sha shida da take farautar abin da Turawa ke kira bamfaya, wato gawar da ta ƙi kwanciya a kabari, take fitowa da dare ta tsotsi jinin masu rai. Da na gama sai na leƙa zaurukan WhatsApp inda take biyan ɗari uku ɗari biyar ana turo mata littattafan Hausa shafi-shafi, na karanta na ban tsoro guda huɗu. Abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. Yaya ya zo da zaton wuta a maƙera, ni kuwa a masaƙa na tarar da ita.

Bari in fara da inda muka saɓa da shi. Ban yarda cewa labarin tsoro yana ɓata yarinya don kawai akwai jini da duhu a cikinsa ba. Da haka ne, da duk mun lalace tun a tsakar gidan kakarmu a Ɗorayi. Wace ce a cikinmu ba ta ji labarin budurwar nan da ta ce ba za ta auri mai tabo ba? A yadda kakarmu take ba mu shi, samari suka yi ta zuwa tana korarsu, har wani kyakkyawa ya ɓullo, jikinsa sumul ko ƙwarzane babu. Aka ɗaura aure, aka kama hanya, sai ango ya riƙa tsayawa yana mayar da kayan aro: nan ya mayar da fata, can ya mayar da ƙafa, har suka isa gida ya koma asalinsa. Muna jin wannan muna cusa ƙafafu cikin zanen Iya, amma gobe da magariba mu ne za mu ce a sake. Da an ce ƙurunƙus, tsoron ya tattara ya tafi, mu kwanta mu yi barci. Yaro yana son ya taɓa tsoro a wurin da ya san ba abin da zai same shi, kamar yadda yake son a cilla shi sama a cafe.

Shan jinin ma ba baƙonmu ba ne. Har gobe sunan da muke kiran cutar foliyo da shi shan inna ne, domin kakanninmu sun ɗauka Inna, iskar nan ta bori da ake ce wa Doguwa, ita ce take shanye ƙafar yaro. In yaro ya ɓata a unguwa, kalmar da ke fara fita daga bakin mutane ita ce ƴan shan jini. Saboda haka Bature bai zo mana da sabon abu ba, nasa dodon kawai ya kawo.

Nasa ɗin ma daga ƙauye ya fito, ba daga littafi ba. A shekarar 1725, a wani ƙauye na ƙasar Sabiya, mutane suka yi ta mutuwa bayan rasuwar wani manomi mai suna Petar Blagojević. Ƴan garin suka tono gawarsa, suka soke ta da tsinin itace, suka ƙone, jami'in gwamnatin Ostiriya yana tsaye, ya kuma rubuta rahoto. Abin ya yi ta yaɗuwa har sai da Sarauniya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika a 1755, ya ce camfi ne da rashin sanin yadda gawa ke ruɓewa, ta kafa dokar hana tone kaburbura. Ko a Amurka, a 1892, an tono gawar wata budurwa mai suna Mercy Brown a jihar Rhode Island aka ƙone zuciyarta, don ƴan gidansu suna ta ramewa suna mutuwa. Tarin fuka ne yake cin su. Ka ga dai hanya ɗaya ce da tamu: cuta ta zo ba a san kanta ba, sai a nemo wanda za a ɗora wa. Sai bayan da camfin ya yi sanyi marubuta suka ɗauke shi suka mai da shi abin nishaɗi, har Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897.

A irin waɗancan tsofaffin labarai mace abinci ce. Tana kwance cikin farar riga, taga a buɗe, sai maza sun zo sun cece ta ko sun rama mata. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an miƙa wa yarinyar makamin. Shirin talabijin na Buffy, wanda aka yi daga 1997 zuwa 2003, a kan wannan dabara aka gina shi: yarinyar da aka saba gani tana shiga lungu dodo ya cinye ta, yanzu ita dodon ke gudu. Daga nan aka samu ambaliyar littattafan matasa masu jaruma mace, kuma irinsu ne ƴar Yaya ta faɗa ciki.

Na tambaye ta me take so a ciki. Ban yi zaton amsar da ta ba ni ba. Ta ce, "Gwaggo, ita tana fita da daddare." Shi ke nan. Ba haƙoran ba, ba jinin ba. Yarinya ce da tun da ta fara girma ake ce mata kada magariba ta yi mata a waje, kada ta bi lungun nan, kada ta hau adaidaita sahu in ba mace a ciki, ta ɓoye waya saboda masu ƙwace. Duk gaskiya ne, ni ma haka nake gaya wa nawa. Amma ka tara wa mutum gargaɗi shekara goma sha biyar ba ka taɓa nuna masa wani mai kama da shi da ya tsaya ya fuskanci abin tsoron ba, me kake tsammani zai nema in ya samu littafi? Ɗan'uwanta namiji yana da Iliya Ɗanmaiƙarfi, yana da Ganɗoki, yana da jaruman littattafan yaƙi da ake sayarwa a Sabon Gari. Ita kuwa an ba ta Sarauniya Amina da Daurama a darasin tarihi, layi biyar, a haddace a rubuta a jarrabawa. A yawancin littattafan soyayyar da muka tashi da su, jarumtar mace ita ce haƙuri: a zalunce ta shafi ɗari biyu, a shafi na ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Haƙuri abu ne mai daraja, amma ba shi kaɗai ne halin kirki da mace take da shi ba. Ranar Uhudu Nusaiba bint Ka'ab takobi ta riƙe.

To, kada a ce na wanke littattafan nan tas. Akwai wani reshe nasu da nake ƙi, kuma shi ne ya fi kasuwa. Twilight na Stephenie Meyer ya fito a 2005, aka yi fim ɗinsa a 2008, ƴanmatan duniya suka haukace a kai, har da namu. Yarinyar ƴar shekara sha bakwai ce. Saurayin fuskarsa ta ɗan sha bakwai ce, amma tun 1918 ya daina tsufa, wato ya haura shekara ɗari a duniya. Yana shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba ya zauna yana kallonta tana barci. A wani littafin na gaba har motarta ya lalata don kada ta je wurin abokin da bai yarda da shi ba. Da ya tafi ya bar ta, wata da watanni ta yi kamar ba ta da rai. Duk wannan an naɗe shi an ce so ne. Ni da na zauna a Kano, na ga ɗalibaina ana cire su daga aji ana kai su gidan sa'an kakansu, ba na buƙatar a fassara min wannan labari. Tsoho mai dukiya, mai kishi, mai sa ido, wanda yake cewa don yana sonki ne ya hana ki fita. Cire fiƙar ka sa masa babbar riga, ka gama. Kakarmu ta fi su gaskiya, domin ita aƙalla ta bari angon ya mayar da fatar aro mun ga abin da ke ƙasa.

Wannan kuwa ba a maganinsa da ƙwace waya. Zama ake yi da yarinya a tambaye ta, in saurayi ya hau katanga ya shigo ɗakinki kina barci, sunansa masoyi ko ɓarawo? Da na tambayi tawa dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta riga ta sani, tana dai buƙatar wani babba ya faɗa da baki.

Abin da ya hana ni barci shi ne littattafan Hausar guda huɗu. Marubutanmu na intanet, waɗanda mafi yawansu mata ne masu basira, sun ga kasuwar tsoro tana ja, sun ce bari mu yi namu. Daidai ne, haka ya kamata. Sai dai da suka tashi neman dodo na gida, uku daga cikin huɗun mayya suka ɗauko. A ɗaya kishiyar uwa ce, a ɗaya uwar miji, a na ukun wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa a ƙarshen layi, ba ɗa ba jika, idanunta jajaye. Jarumar kuwa aikinta shi ne ta gano ta, ta tona mata asiri a gaban jama'a, a sa ta tsallaka marar lafiya, a kore ta daga unguwa. Mai karatu ya ji daɗi, mugu ya ga sakayya.

Ga inda bambancin yake. Yarinyar da ta karanta labarin bamfaya a Landan ta rufe littafi, ba za ta fita ta kalli maƙwabcinta ta ce wannan gawa ce mai tafiya ba. Camfin ya mutu a wurinsu, ko lokacin da yake raye ma gawa suke tonowa su soke. Mu namu yana nan da ransa, kuma mai rai muke kamawa. Kowa a garin nan ya san yadda abin yake tafiya. Zazzaɓin cizon sauro ya hau wa yaro ka, ya fara sambatu, a zagaye shi ana tambaya, wa kake gani? Ya ambaci sunan wadda ya saba gani kullum. Shi ke nan an ce ta kama kurwarsa, tana da ƙanƙara a ciki. Kafin a kai yaron asibiti an tara mata jama'a a ƙofar gida.

Ina ƴar firamare aka yi wa wata tsohuwa haka a layinmu. Ƙosai take soyawa da safe, duk mun ci na hannunta, har gyara take mana. Bayan abin ya faru, in za mu wuce ƙofarta sai mu tofa yawu mu ce kurwata kur, mu ruga. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Kaskonta ya daina hawa wuta don ba mai saye. Ƴarta da aka sa wa rana, dangin mijin suka aiko a mayar musu da kayansu, wai ba sa haɗa iri da gidan mayu. Wata rana muka tashi muka ga ƙofar da kwaɗo. Ana cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Ban taɓa jin an yi karin magana a kan wadda aka yi wa ƙazafin ba, ita wa zai tuna mata? Yaron da aka ce ta kama ya warke bayan an yi masa allurai, yanzu haka magidanci ne da ƴaƴansa.

Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta sa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Addini kuwa ya fi tsanantawa a kan zato da ƙazafi. Amma doka tana cikin littafi, labari kuwa yana cikin wayar yarinya ƙarfe biyun dare, yana koya mata cewa jarumta ita ce ta zargi matar babanta. Ka lura kuma da waɗanda ake zaɓa: tsohuwa, matalauciya, wadda ba ta haihu ba, baƙuwar da ta zo daga wani gari. Ban taɓa ganin an tara jama'a a ƙofar gidan mai bene an ce ya fito ya tsallaka yaro ba. Jarumar da ƙarfinta ya ƙare a kan wadda ta fi kowa rauni a unguwa, ni ban ga jarumtarta ba.

Abin haushin shi ne ba mu rasa dodanni ba. Garin da ke da Dutsen Dala da labarin Tsumburbura da Barbushe, da kududdufai da ake cewa suna cin mutum duk shekara, da tsoffin rijiyoyi a cikin badala, da lungunan Kurmi da in ka shiga ba ka san ta inda za ka ɓulla ba, ai bai kamata marubucinsa ya rasa inda zai ajiye abin tsoro ba. In ma shan jini ake so a nuna, masu shan jinin mutane da rana tsaka sun ƙare ne? Mai ɓoye hatsi sai azumi ya zo, mai sayar wa yara ƙwaya da maganin tari a bayan makaranta, mai ɗauko ƴan aikatau daga ƙauye yana karɓe kuɗinsu. Dracula kansa ba talaka ba ne, basarake ne mai gidan sarauta da tarin zinariya, wanda ya sayi gidaje a Landan ta hannun lauya. Turawan sun gane tun tuni cewa dodon da ya fi ban tsoro shi ne wanda ake tashi a gaishe shi.

Na san abin da wasu za su ce: to ai shi ya sa ake da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, a hana duka a huta. Mun gwada. An kafa hukumar a 2001, kuma a 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau da kansa ya jagoranci ƙona littattafan Hausa a wata makarantar ƴanmata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Daga baya aka ce marubuta su zo su yi rajista. Me ya biyo baya? Rubutun bai tsaya ba, ƙaura ya yi. Da littafin yana kan teburin masu sayar da littattafai a Bata, uba zai iya ɗauka ya duba bango, ya ga sunan marubuciya, malami ya yi mata raddi a jarida. Yanzu yana cikin zauren da sai an biya ake shiga, marubuciyar tana amfani da sunan aro, ba edita, ba mai ce mata wannan babin zai iya jawo a jefi wata. Wutar da aka cinna ta ci takarda, ta bar mu da abin da ba ya ƙonuwa. Kuma mai tacewa tsiraici da zagi yake nema. Labarin da aka kori tsohuwa daga unguwa zai wuce ta gabansa salin alin, har ya yaba da cewa akwai darasi.

Ya kamata a tuna cewa matan garin nan sun taɓa yin rubutun da ya girgiza gidaje ba tare da aljani ko ɗaya ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata masu alƙalami. Hannun da za su rubuta mana labarin tsoro na gaske suna nan. Abin da nake roƙonsu bai da yawa: ku tsorata mu iya son ranku, ku kashe fitila, ku sa ƙofa ta yi ƙara, ku bar yarinyar ta fita da daddare da Ayatul Kursiyyu a bakinta da wayonta a kanta. Amma kafin ku liƙa wa dodon fuska, ku leƙa layinku ku ga ko akwai mai irin wannan fuskar da za ta kwana da abin da kuka rubuta.

Da kwana ukun suka cika na kai wa Yaya wayar da kaina. Na ce masa na Turancin ba abin da zai yi mata illa ƙarin Turanci, sai dai a sa mata lokacin kashe waya saboda makaranta. Na nuna masa na Hausar, na tuna masa da mai ƙosan layinmu. Ya yi shiru, can ya ce, "Ai har da ni a masu jifan ƙofarta." Bai ƙara komai ba.

Ita kuwa yarinyar na saya mata littafin rubutu mai shafi tamanin, na ce tunda ta iya karantawa ta gwada nata. Makon jiya ta kawo min babi biyu. Jarumarta ƴar aji biyar ce a sakandare, tana taya wata tsohuwa tallan daddawa, yara suna ɓacewa a unguwa, kowa ya sa wa tsohuwar ido. Ita kaɗai ta lura da wata baƙar mota mai duhun gilashi da ke tsayawa bakin kududdufi duk daren Laraba. Rubutun cike yake da kurakurai, ƙa'idar rubutu kuwa sai addu'a. Na tambaye ta wa ke cikin motar. Ta ce, "Gwaggo, sai kin biya ɗari uku."